Shago har da ranarsa? Muhawara kan shagunan 'yan sketin

Baban Ilham: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tun safe nake ganin 'yan sketin na ƙasashen waje suna ta saka hotunan shaguna a Instagram, wai yau 19 ga Fabrairu ranar shagunan sketin ce, wato wasan hawa allon katako mai tayoyi. Abin ya ɗaure mini kai. An ware wa iyaye mata rana, an ware wa malamai, duk mun ji mun yarda. Amma shago? Mai shago ai ɗan kasuwa ne, ya saro, ya sayar, ya ci ribarsa. Ban taɓa jin 'yan ƙwallo sun ware rana don girmama mai sayar da bot da jesi ba. Waɗanda suka san harkar ku fahimtar da mu don Allah.

Mai Kanti: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka wahalar da kanka, dabarar talla ce. Duk ranar da ka ji Bature ya ware, ka duba da kyau, akwai abin da yake so ka saya. Da mu ma 'yan Kwari mun yi wayo da tuni mun ƙirƙiro ranar shadda.

Na Landan: Alhaji, rabin maganarka gaskiya ce. A 2020 aka fara bikin, kuma mutum biyu ne suka kawo shi, Chris Nieratko da Scotty Coats. Shi Nieratko ma yana da hannu a wani shagon sketin a jihar New Jersey, ka ga ba za a ce ba shi da wata manufa ba. Sun kwaikwayi ranar da ake yi wa shagunan faifan waƙa ne. Kuma da gangan aka sa ta a Fabrairu, lokacin da sanyi da ƙanƙara suka kori kowa daga titi, ciniki ya mutu.

Amma Baban Ilham, tambayarka ta ƙwallo ita ce ta taɓo wurin. Yaron da ke son ƙwallo yana da fili, yana da koci, yana da kulob, akwai gasar unguwa, akwai hukuma tun daga jiha har FIFA. Mai sayar da bot ba ya cikin wannan layin, shi ya sa ba wanda ya damu da shi. Sketin shekaru da yawa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Babu koci, babu kulob, fili ma korarsu ake yi. Duk aikin da waɗancan ke yi wa ƙwallo, shago ne ya ɗauke shi a sketin. Nan za ka ji inda ake haɗuwa, nan za ka san wane mai gadi ne mai zafi, nan ake zaɓen wanda ya iya.

Baban Ilham: Zaɓen wanda ya iya kamar yaya? Mai shagon ne alƙali?

Na Landan: Kusan haka. Kowane shago na gaske yana da tawagarsa. Yaro ya fara ƙwarewa, mai shago ya ga bidiyonsa ko ya gan shi da ido, sai ya ce daga yau kana hawa da sunan shagona. Zai riƙa ba shi katako da ragi ko kyauta, ya ba shi riga mai tambarin shagon. In wakilin wani kamfani ya zo kawo kaya, mai shago ya ce masa ga wani yaro nan ka duba shi. Daga nan kamfani ya fara aiko masa da kaya kyauta, sai a sa shi a tawaga, can gaba in Allah ya yi a buga sunansa a jikin katako, ya zama ƙwararre mai cin abinci da wasan. Mafi yawan manyan da kake gani ta wannan tsanin suka hau, kuma matakin farko shago ne.

Ɗan Agege: Ni bari in faɗi abin da ido ya gani, ba tarihi ba. Ka shiga shagon sketin sayen allo, ba ɗauko maka za a yi a leda a miƙo ba. Za a jero maka katakai a ƙasa a ce taka ka ji. Ka taka wannan, ka taka wancan, har ka ji wanda ya zauna maka a ƙafa. Sannan mai shago ya ɗora shi a kan kanta, ya manna masa samfefa, ya goge gefen da ƙarfe, ya yanke da reza, ya huda ramukan kusoshi takwas, ya ɗaura ƙarafan tayoyi, ya danna boris cikin kowace taya. Duk wannan kana tsaye kana kallo, kuma ba ya karɓar ko sisi na aikin. Kafin ya gama, yaran da ke zaune a benci suna kallon bidiyo sun riga sun tambaye ka unguwarku, sun gaya maka ranar da za a fita. Ka shigo kai kaɗai, ka fita da abokai. Ni haka na fara.

Kuma rabin waɗanda ke zaune a bencin ba su zo sayen komai ba. Teburin mai shayi ne sak, wanda ya sha da wanda bai sha ba duk suna nan har dare.

Mai Kanti: To ai ka ba ni amsa da bakinka. Shagon da rabin mutanen cikinsa zaman kashe wando suka zo yi, kuma mai shi yana aiki kyauta, wannan shago ne ko gidan marayu? Ina ribar take?

Malam Injiniya: Alhaji, kafin a zo riba, bari in ƙara a kan abin da Ɗan Agege ya faɗa, don mutane su gane me ya sa ba a sayen wannan abu da ka.

Katakon kirki falle bakwai ne na icen mapul, irin wanda ke fitowa a yankin sanyi na Kanada da arewacin Amurka, a manne su da gam a matse a injin. Faɗinsa da inci ake aunawa, yawanci daga 7.75 zuwa 8.5, kuma bambancin kwata na inci ƙafa tana jin sa. Tayoyi kuma lamba biyu gare su: girma da tauri. Masu tsalle-tsalle a siminti mai santsi suna hawa milimita 52 zuwa 54, tauri wajen 99A. Ka ɗora wannan tayar a kan kwaltarmu mai tsakuwa, haƙoranka sai sun kaɗa, kuma ƙaramin dutse ya isa ya tsayar da ita cak ya wurga ka gaba. Hanya mai kaushi taya mai laushi take so, 78A zuwa 87A, kuma ta ɗan fi girma.

Wa zai gaya wa sabon shiga wannan? Shafin sayayya na intanet bai san titin ƙofar gidanku ba. Mai shagon garinku ya sani, don shi ma a kansa ya faɗi.

Sai kuma irin wanda ake sayarwa a manyan kantuna cikin kayan wasan yara. Tayar roba ce busasshiya, ƙarfen ba ya juyawa, katakon kamar na akwati. Uba ya saya wa ɗansa, yaro ya hau ya ga ba ya tafiya, ya ce shi ne bai iya ba, ya jefar. Araha ba ta ado.

Baban Ilham: Wallahi irin wannan na gani a wani kanti na kusa saya. Na gode Injiniya.

Na Landan: Maganar riba da Alhaji ya kawo, ita ce ainihin ciwon. A katako da tayoyi ribar kaɗan ce ƙwarai. Farashin katako ya yi shekaru masu yawa kusan a tsaye a Amurka, wajen dala 50 zuwa 60, alhali haya da komai na hawa. Abin da ke riƙe shago takalmi ne da riguna da huluna. Samfefar nan tana cin takalmi kamar me, wanda ke hawa kullum ba ya daɗewa zai huda gefen nasa. Kuma ga mutanen da ba su taɓa taka allo ba amma suna son shigar 'yan sketin. Kuɗin waɗannan ne ke biyan haya, su kuma masu zaman benci su ne ke ba shagon mutuncin da ya sa waɗancan ke zuwa. In ka kori 'yan benci ka zama kantin tufafi kawai, kuma akwai dubu irinka.

Wata dabarar ita ce katakon shago. Mai shago ya sa a buga masa katakai da tambarinsa, ya sayar ƙasa da na manyan kamfanoni. Yaro marar kuɗi ya samu sauƙi, shi kuma sunansa na yawo a gari a ƙarƙashin ƙafar yara.

Tsohon Ɗalibi: Ku bari in ja mu baya kaɗan, don abin ba yau ya fara ba. Wasan nan a Kalifoniya ya tashi, wurin masu hawan igiyar ruwan teku. Ranar da teku ya kwanta, sai su cire tayoyin takalmin taya su buga a jikin katako su yi ta zamiya a titi. Shagunan kayan hawan teku ne suka fara sayar da shi a matsayin haja. Val Surf, wanda Bill Richards da 'ya'yansa suka buɗe a North Hollywood a 1962, yana cikin na farko. Wato tun ran gini tun ran zane, wasan a cikin shago aka raine shi.

Amma labarin da ya fi shahara shi ne na Zephyr, shagon Jeff Ho da Skip Engblom da Craig Stecyk a Santa Monica, farkon shekarun 1970. Unguwar a lalace take lokacin, yaran ciki da yawa gidajensu ba daɗi. Suna zuwa shagon suna shara, suna aike, ana barin su su zauna. Daidai lokacin Frank Nasworthy ya fito da tayar da ke kama ƙasa, maimakon tsohuwar mai tauri da ke sulɓewa. Masu shagon suka haɗa yaran suka yi tawaga, a ciki akwai Tony Alva, Jay Adams, Stacy Peralta da Peggy Oki. A 1975 suka je gasar Del Mar. Sauran 'yan wasa suna tsaye ƙyam suna juyi a hankali, waɗannan suka shigo a durƙushe, hannu na shafar ƙasa, kamar suna kan ruwa. Peggy Oki ta zo ta ɗaya a ɓangaren mata. Bayan nan fari ya faɗa wa Kalifoniya, mutane suka bar wuraren ninƙayan gidajensu ba ruwa, yaran suka riƙa tsallaka katanga suna hawa cikin kwamin da ya bushe. Salon hawa bango a tashi sama da kake gani yau, daga nan ya fito.

Duk wannan daga shago ɗaya a lungu.

Mai Kanti: Madalla. To ina shagon yake yanzu?

Tsohon Ɗalibi: Bai daɗe ba bayan gasar. Manyan kamfanoni suka zo da kuɗi suka ɗebe yaran, tawagar ta watse, shagon ya rufe.

Mai Kanti: Ka ji ko? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ya raini yara, ya ciyar, ya kai su gasa, da suka nuna sai wani ya zo ya tsinke. Ni wannan labarin bai nuna mini darajar shago ba, ya nuna mini wautar mai shago.

Tsohon Ɗalibi: Alhaji, a lissafin aljihu ka yi gaskiya. Amma Peralta ɗin nan shi ya haɗu da George Powell a 1978 suka kafa kamfani, kuma tawagarsu ce ta fito da manyan taurarin wasan irin su Tony Hawk da Rodney Mullen. Alva ma ya kafa nasa. Da ba a bar su sun zauna a wancan shagon ba, wa ya san inda za su ƙare?

Mai Kanti: Allah ya ba shi lada. Ni dai haya ba a biyanta da lada.

Hajiyar Zaure: Alhaji a yi hakuri a bar mutane su kai aya. 😄

Na Landan: Akwai kuma waɗanda suka yi kuɗin, kada Alhaji ya ce duk asara ce. Supreme shagon sketin ne ƙarami da James Jebbia ya buɗe a titin Lafayette a birnin New York a 1994. An bar tsakiyar shagon fili, kaya a jikin bango, don yaro ya iya shigowa a kan allonsa. Ma'aikatan duk 'yan sketin ne na unguwar. A 2020 kamfanin VF ya saye shi a kan dala biliyan 2.1, a 2024 kuma aka sake sayar wa EssilorLuxottica, masu gilashin ido, a kan biliyan 1.5.

Nan Landan ma haka. Slam City Skates a 1986 ya fara, a ɗakin ƙasa na shagon faifan waƙa na Rough Trade. Palace, kamfanin alluna da tufafi da ake rububi yanzu, Lev Tanju ya fara shi a 2009, kuma daga cikin mutanen Slam City da masu hawa a Southbank, matattarar 'yan sketin a bakin kogin Landan, ya fito.

Mai Kanti: Yauwa, yanzu ka zo gidana. Wannan Jebbia shi ne ɗan kasuwa.

Ɗan Agege: Amma Yaya Na Landan, tsakani da Allah, Supreme har yanzu shagon sketin ne? Mutanen da ke layi a ƙofarsa ran Alhamis nawa ne suka taɓa goge gwiwa a siminti? Sayen riga suke su sake sayarwa ninki uku. Kamfanin da ya buga tambarinsa a jikin jan bulo a 2016 ya sayar, mutane kuma suka yi wawaso. Yaron da kusar ƙarfen tayar allonsa ta karye ba can zai je ba. A wurina ranar da benci ya fita daga shago, mai gadi ya tsaya a ƙofa yana ƙirga mutane, abin ya tashi daga namu.

Na Landan: Ƙanena, ba zan yi maka musu sosai ba. Har yanzu suna da tawaga ta gaske, suna fitar da bidiyo masu kyau, suna biyan 'yan wasa. Amma aikin shagon unguwa, a'a, ba sa yi. Abin da nake so a lura shi ne abin da aka saya da biliyoyin nan. Ba auduga aka saya ba. Sunan da yaran benci suka gina a shekarun 1990 aka saya.

Nike ma sun gane haka. Sun gwada shiga sketin a shekarun 1990, 'yan wasan suka juya musu baya, suka ce baƙi ne masu neman kuɗi. Da suka dawo a 2002 da Nike SB, sai suka ce takalman nan ba za a same su a manyan kantuna ba, sai a ƙananan shagunan sketin. Kamfani mai wannan girman sai da ya bi ta ƙofar mai shagon lungu kafin a karɓe shi. Illar kuma ita ce yanzu shaguna da yawa numfashinsu na hannun kamfanonin takalmi. In aka hana ka kason takalman da ake rububi, shekararka ta lalace.

Ɗan Nima: Gaisuwa daga Ankara, babban birnin Gana. Na karanta duka, amma ina ganin kuna ba shago girman da ya wuce nasa. Duk misalanku Amurka da Ingila ne. Ku zo Afirka ku gani. A Kitintale cikin Kampala, Jackson Mubiru da abokansa da hannunsu suka zuba siminti suka gina wurin hawa a tsakiyar shekarun 2000, ba shago ko ɗaya. A Adis Ababa, Ethiopia Skate ta fara a 2013, yara suna karɓa-karɓa da 'yan allunan da aka kawo musu kyauta. Nan Gana, Surf Ghana ta Sandy Alibo ce ta ja abin, har aka buɗe Freedom Skatepark a Disamba 2021 da tallafin mai tsara tufafi Virgil Abloh, wanda iyayensa 'yan Gana ne, shi kuma ya rasu ana saura kaɗan a buɗe. A duk waɗannan, yara ne suka fara, ƙungiya ta biyo, fili ya zo. Shago in ma ya zo, daga baya ne. Don haka ni na ce 'yan wasa ke haifar shago, ba shago ke haifar 'yan wasa ba.

Tsohon Ɗalibi: Wannan magana ce mai nauyi. Har Kabul ma haka ƙungiyar Skateistan ta fara a 2007, da alluna kaɗan a hannun mutum ɗaya.

Malam Injiniya: Ɗan Nima, na yarda yara ke farawa. Amma ka tambayi kanka, allon kyauta in ya karye fa? Katako abin ƙarewa ne. Mai tsallake matakala zai iya karya shi cikin makonni, wanda ma bai karye ba yana yin laushi ya daina tashi. Wasan da ya dogara da akwatin wani mai zuwa hutu daga Turai, ranar da bai zo ba wasa ya tsaya. Kyauta tana kunna wutar, amma sai an samu inda mutum zai je da kuɗinsa ranar Talata ya sayi boris ya koma hawa da yamma, sannan za a ce abin ya zauna.

Ɗan Agege: Legas ce shaidar Injiniya. Da can masu hawa suna nan a warwatse, wasu a filin wasa na ƙasa da ke Surulere, wasu a wuraren ajiye motoci, kowa na roƙon wanda zai dawo daga waje ya riƙo masa katako. WAFFLESNCREAM na Jomi Marcus-Bello ya fara a matsayin taron abokai, Ɗan Nima ka ci wannan. Amma da suka buɗe shago a 2017, na farko irinsa a Najeriya, sai abin ya samu adireshi. Baƙo ya sauka Legas da allo ya san inda zai nufa. Masu ɗaukar hoto, masu zane, masu ɗinki duk suka riƙa taruwa a wurin. Slawn, mai zanen da ya tsara kambun lambar yabon mawaƙa ta BRIT ta 2023 a Ingila, a wannan shagon ya yi aiki yana matashi. Kuma su ɗin dai su ne suka yi ta fafutuka har aka samu wurin hawa na siminti a Freedom Park, tsohon gidan yarin Turawa da ke tsibirin Legas, a 2024. A nan shago ne ya riga fili, kuma shi ya jawo shi.

Ɗan Nima: To a Legas kun yi ta wannan hanyar, mu mun yi ta wata. Ban janye ba. Kuma ka faɗa wa mutane gaskiya, yaron Agege nawa ne zai iya sayen cikakken allo a farashin dala na yanzu?

Ɗan Agege: Kaɗan ne, wallahi. Komai daga waje yake zuwa, ga kuɗin jirgi, ga kwastan, ga naira. Yawancinmu da kwance muka fara. Amma kwancen ma a ina ake samu? Wanda ya sayi sabon katako yakan bar tsohon a shago, a ajiye wa yaron da ba shi da shi. Wannan al'ada ce a shagunan sketin ko'ina.

Maman Walid: Ni duk wannan tarihin bai dame ni ba kamar abin da nake gani a titi. Yaran nan masu takalmin taya da ke kama bayan adaidaita sahu da tirela a Kano, raina yana tashi duk ranar da na gan su. In shago zai ƙara yawan irin wannan, gara kada a buɗe.

Na biyu kuma, ku maza kuna ta yabon benci. Yarinya ko uwa ta shiga irin wannan wuri, samari goma su zuba mata ido, wani ya yi dariya don ba ta san sunan abu ba. Na shiga wani a ƙasar waje neman wa ɗana hular kwano, yaron da ke kanta ko ɗago kai bai yi ba, yana ta hira da abokansa. Na fita na saya a intanet. Majalisar da kuke jin daɗinta, ga wanda ba ɗan ciki ba katanga ce.

Na Landan: Hajiya, wannan ƙorafin ba ke kaɗai ba, kuma gaskiya ne. Shagunan sketin sun yi suna wajen raina sabon shiga, har wasu na ɗaukar hakan burgewa. Da yawa sun rasa ciniki saboda haka, uwa ta gwammace ta je irin Zumiez, kamfani mai rassa a manyan kantuna, inda za a yi mata murmushi. Waɗanda suka yi hankali sun canja, suna ware yamma ɗaya ta mata da masu koyo, suna ɗaukar mata aiki a kanta. Tun da aka sa wasan a Olamfik na Tokiyo a 2021, aka ga Momiji Nishiya ta Japan ta ci zinare tana da shekara 13, Rayssa Leal ta Burazil ta ci azurfa ita ma 13, iyaye suka fara kawo 'ya'ya mata da kansu. Mai shagon da ya ɗaure musu fuska shi ya so.

Ɗan Agege: Anti, a Legas ma mata sun kafa tasu ƙungiyar, Dencity, Blessing Ewona ce ta fara. Ba su jira maza sun matsa musu a benci ba.

Kama bayan mota kuma, wannan takalmin taya ne, wasa daban da allo, kodayake masu allo ma akwai marasa ji. Amma ki lura, yaran nan ba wanda ya sayar musu da takalmin ya zaunar da su. A gwanjo suka tsinta, suka koya wa kansu a kan titi. Ba babba a kansu. Inda akwai shago akwai wanda zai ce kai, in na sake ganinka a bayan tirela kada ka ƙara shigo mini nan. Kuma yaro yana jin wannan fiye da faɗan gida.

Maman Walid: In mai shagon mai hankali ne. In kuma shi ne shugaban marasa jin fa?

Ɗan Agege: To nan kam sai addu'a, Anti.

Baban Ilham: Yanzu tambayar da ta rage mini: irin wannan shago zai yi a Kano ko Kaduna ko Abuja?

Mai Kanti: Bari in yi muku lissafin 'yan kasuwa. Haya, wuta, yaron shago, jari a dala, kaya masu lamba-lamba da dole ka ajiye kowane kala. Masu saye kuma ɗalibai marasa kuɗi. Ko a Amurka, lokacin korona kowa ya ruga ya sayi allo har kaya suka yanke, masu shago suka yi odar da yawa, da abin ya lafa kaya suka kwanta musu. Can kenan da ake da masu hawa miliyoyi. Ni ba zan zuba kuɗina ba.

Tsohon Ɗalibi: Alhaji, ba wanda ya ce ka kama shago guda. Slam City a ɗakin ƙasan mai faifai ya fara. FTC na San Faransisko, Kent Uyehara a cikin shagon kayan wasanni na mahaifinsa ya fara ajiye alluna, sai da abin ya kama sannan ya ware. Val Surf kayan teku yake sayarwa. Kusan duk a kusurwar shagon wani suka fara.

Mai Kanti: Kusurwa kam ina da ita, a shagon kayan wasanni na ƙanena. Amma benci ba zan sa ba.

Ɗan Nima: To ka ga ka buɗe abin da ba shi suke yabo ba. 😂

Malam Injiniya: Alhaji, in da gaske kake, kada ka fara da katakai masu tsada. Fara da abin da ke ƙarewa kuma masu takalmin taya ma suke nema. Boris lamba 608 ne, guda takwas a allo ɗaya, kuma shi ne dai a yawancin takalman taya. Ana samunsa ma wurin masu kayan injin da fanka, sai dai na can yakan zo da giris mai kauri, sai an wanke an sa mai marar nauyi. Ka ƙara da kusoshi, samfefa, hular kwano da abin kare gwiwa. Tayoyi ka ɗauko masu laushi, kada ka bi abin da ke cikin bidiyon Amurka. Katako guda biyar ya isa gwaji, faɗin 8 da 8.25.

Mai Kanti: Samfefar ta masu fenti ba za ta yi ba? Akwai ta a Sabon Gari da araha.

Malam Injiniya: Ba za ta yi ba. Wannan tana zuwa da gam a bayanta, faɗin inci 9, tsawon 33, kuma ba ta zubar da yashi in ta sha takalmi. Ta masu fenti kwana biyu za ta yi ta zama takarda.

Ɗan Agege: Kuma wa zai manna ta, Alhaji? Ƙanen naka ya iya yanke gefe da reza?

Mai Kanti: Sai ka zo hutun Sallah ka koya masa. Kuɗin mota dai naka ne.